Yoyon Famfo da Danshin Bango a Gidajen Gombe: Tambayoyi da Amsoshi

A Gombe ruwa kuɗi ne. Mai samun na famfo, daga madatsar Dadin Kowa ake turo masa shi, tafiyar kusan kilomita 40. Wanda ba ya samu kuwa, ko ya haƙa burtsatse mai zurfi, ko ya sayi tanka, ko ya zauna jiran 'yan ga-ruwa. Duk da haka gidaje da yawa suna shayar da ƙasa da bango wani kaso na ruwan da suka saya ba su sani ba, daga baya kuma su biya kuɗin gyaran ɓarnar da ruwan ya yi. Ga tambayoyin da magidanta da matan gida da 'yan haya suka fi yi a kan wannan. Amsoshin duk hanya ɗaya suka bi: a gano inda ruwan ke fita a tsayar da shi tukuna, filasta da fenti su biyo baya.

Gidanmu ba mita. Ta yaya zan gane ana yoyo alhali ban ga ruwa a ƙasa ba?

Tankin da ke saman gidanka ya ishe ka awo. Da yamma a cika shi, a kashe injin burtsatse ko a rufe bututun da ke kawo ruwa daga waje. Bayan sallar isha'i, in an gama wanke-wanke, a ɗebi ruwan alwala da na banɗaki a bokiti, a gaya wa kowa kada a taɓa famfo, kada a ja ruwan masai, sai gari ya waye. Ka zura busasshiyar sanda mai tsabta cikin tankin har ta taɓa ƙasa, ka zaro, ka yi alama da biro daidai inda jiƙa ta tsaya. Da safe ka sake zurawa. In ruwan ya sauka alhali ba wanda ya buɗe famfo, to akwai inda yake bi.

Saukar tana iya yi maka kaɗan a ido. Amma tanki mai faɗin mita 1, duk santimita 1 da ya sauka kusan lita 8 ne. Santimita 3 a dare ɗaya ya kai jarka guda ta lita 25, wato wajen jarka uku ke nan a yini da kwana, kullum.

Washegari ka maimaita, amma wannan karon ka rufe bawul ɗin da ke gindin tanki, wato abin murɗawar da ke tare ruwa ya hana shi shiga bututun gida. In ruwa ya sake sauka, laifin tankin ne ko mahaɗar da bututu ya fito daga jikinsa. In bai sauka ba, matsalar tana cikin gida. Ina so magidanta su yi wannan gwajin kafin su ɗora wa kowa laifi. Ana yawan yi wa yara faɗa, ana zargin uwargida ko amarya da ɓarnar ruwa har rai ya ɓaci, alhali wani bututu ne a ƙarƙashin tsakar gida yake aikinsa dare da rana.

Na tabbatar ana yoyo. Daga ina zan fara nema?

Daga masai na zamani, don shi ya fi kowa sace ruwa a ɓoye. Ɗaga murfin tukunyar ruwan da ke bayansa, zuba bulun wanki ko ruwan zoɓo mai kauri, kada a ja, a jira minti 15. In launi ya bayyana a cikin kwanon masan, robar da ke toshe ƙasan tukunyar ta gaji. In kuma ka tarar ruwa ya cika maƙil yana gangarawa ta bututun da ke tsaye a tsakiya, to ƙwallon da ke tsayar da ruwa ne ya daina aiki. Duka biyun kaya ne masu araha. In ka gama ka ja ruwa don kada launin ya kama.

Daga nan sai ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, da ƙananan tiyon da ke haɗa famfo da bango, da bayan hita. Hannu yana ruɗi, don haka ka goga busasshiyar takarda a kowace mahaɗa ka duba. Sannan ka fito tsakar gida ka zagaya a hankali: wurin da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar bazara, wurin da daɓe ya lotsa, wurin da kaji suka fi son kwanciya da rana saboda sanyin ƙasa, tayil ɗin da in ka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar babu komai a ƙarƙashinsa. Da tsakar dare, in gari ya yi tsit, ka ɗora bakin dogon sukudireba a jikin bututu ko famfo, ka kara mariƙinsa a kunne. Ruwan da ke gudu yana da wani siririn sauti da ba ya yankewa, kuma yana ƙara ƙarfi in ka matso kusa da wurin.

In kowane sashe na gidan yana da bawul nasa, aiki ya yi sauƙi: a rufe ɗaya bayan ɗaya ana maimaita gwajin tanki. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka bar mai gyara ya fara fasa tayil da "wataƙila nan ne". A taƙaita wurin tukuna, sannan a ɗauko guduma.

Ɗiga kawai famfon yake yi. Har ya kai a kira mai gyara?

Ya kai a gyara, ko da ba a kira kowa ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi lissafin cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. In ka raba, ya haura jarka guda kowace rana. Tsohon famfo mai murɗawa, yawanci 'yar robar cikinsa ce ta cinye, sai a rufe ruwa a kwance kan a sauya ta. Na zamani mai juyi ɗaya kuwa, zuciyarsa ake cirewa gaba ɗaya a sa sabuwa. Ka tafi da tsohuwar shago don a ba ka daidai ita. Matse famfo da ƙarfin tsiya ko ɗaure shi da leda ba ya hana ɗiga, ƙara cinye shi yake yi.

Bututu ya fashe da dare, ruwa ya malale ɗaki. Me zan fara yi?

Wuta tukuna. Kashe babban makunnin wutar gida kafin kowa ya taka ruwan, ko da a lokacin babu wuta, domin ana iya kawowa kana tsaye a ciki. Mai sola da inbata shi ma ya kashe nasa. In makunnin yana wurin da sai ka shiga ruwa za ka kai gare shi, kada ka je, a nemo mai aikin wuta.

Sannan a rufe bawul na gindin tanki ko na bakin shigowar ruwa, a buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa, kamar na tsakar gida, don ruwan da ya rage a bututu ya tsiyaye ta can. A kwashe buhunan hatsi da takardu da kayan wuta, a kore ruwa waje. In silin ya yi ciki ya rankwafo, a ajiye bokiti a huda shi da ƙusa daga gefe, kada a jira ya rufto a kan mutane.

Duk wannan ya dogara ne a kan sanin inda bawul yake. Maigida yana kasuwa ko ofis yawancin yini, don haka uwargida da manyan yara su san wurin, su kuma taɓa rufewa da hannunsu. A riƙa murɗa shi lokaci-lokaci don kada ya ƙage. Gidan da babu bawul a gindin tankinsa, wannan shi ne aikin farko da ya kamata a kira mai gyara ya yi, tun kafin wani abu ya faru.

In na naɗe wurin da robar tib ya daina zuba, shi ke nan?

Ya kai ka safiya, ko ranar da mai gyara zai samu zuwa. A yanko tsohon tib na babur dogo, a ja shi sosai ana naɗawa, a fara daga gefen fashewar a wuce ta zuwa ɗaya gefen. Amma rana tana cin roba, kuma tsagewar bututu ƙara tsawo take yi a ƙarƙashin naɗin. Kada a taɓa binne ko a shafe bututun da aka ɗaure da roba.

Fentin bangonmu yana kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa. Bututu ne ko damina?

Farin garin gishirin da ke cikin bulo da siminti da ƙasa ne. Ruwa ke narkar da shi ya fito da shi fuskar bango, in ruwan ya bushe ya bar shi nan. Shaida ce cewa ruwa yana ratsa bangon, amma bai faɗi daga ina ba. Abu uku za ka lura da su: lokaci, da tsayi, da abin da ke bayan bangon.

Danshin da ke zuwa a watan Yuli da Agusta ya tafi da shigowar hunturu, na ruwan sama ne. In daga sama ya gangaro, a duba kwano da ƙusoshinsa da indararo. In a ƙasan taga ne, a duba gefen tagar. Danshin da ya bi gindin bango a jere, ɗaki bayan ɗaki, tsayinsa bai cika wuce ƙugun mutum ba, wannan daga ƙasa yake hawowa, ko don ba a shimfiɗa leda a kan harsashi lokacin gini ba, ko don an cike tsakar gida ta fi daɓen ɗaki tudu, ko don ruwan wanka da na wanki yana kwanciya a jikin katanga. Amma tabon da yake wuri ɗaya, a bangon da banɗaki ko kicin ke bayansa, kuma yana nan jiƙe har a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Gombe ke busar da komai, wannan bututu ne, ko ruwan da ke bi ta tsakanin tayil. Ka bambance su da gwajin tanki: in tanki yana sauka, bututun kawo ruwa ne, in ba ya sauka amma tabon yana ƙaruwa bayan an yi wanka, to magudanar banɗakin ce ko daɓensa.

Mai na'urar sanyaya ɗaki ya leƙa tiyon da ke fitar da ruwanta. Sau da yawa shi ke zuba a jikin bango ana neman laifin bututu.

Ba zan iya shafe wurin da siminti ko in manna tayil in huta ba?

Wannan kamar ɗaure gyambo ne da sabon ƙyalle ba a wanke shi ba. Ko buhu nawa na simintin Ashaka ka shafa, ruwan yana nan. Tayil da fenti mai sheƙi suna hana bango numfashi, sai danshin ya haura sama da inda tayil ya tsaya, ko ya ɓulla a ɗaya ɗakin. A tsayar da ruwa, a kankare filastar da ta ruɓe har a wuce iyakar tabon kaɗan, a bar bulo a buɗe ya sha iska. Bushewar bango makonni take ɗauka, shi ya sa hunturu ya fi dacewa da wannan aiki. In kana son sanin ko ya bushe, manna 'yar leda mai faɗin tafin hannu biyu a jikinsa, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana guda. In ka ɓare ka ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, da saura.

Ɗakin yana warin danshi, ga baƙin tabo a bayan kwaba. Yana da illa?

Fumfuna ce, kuma tana da illa, musamman ga mai asma da jarirai da tsofaffi: tari, atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido. Tana iya fara kama kaya cikin awa 24 zuwa 48 da jiƙewa, don haka kwana biyun farko bayan malalar ruwa su ne masu muhimmanci. A fitar da katifa da kafet da tabarma rana. A ɗage ledar ɗaki gaba ɗaya, domin samanta yana bushewa ƙarƙashinta na riƙe da ruwa. A janye kwaba da gado daga jikin bango, a buɗe tagogi, a kunna fanka.

Wurin da ya riga ya yi baƙi a wanke shi da sabulu da buroshi, sannan a bi da ruwan bilic, kamar kofi ɗaya a lita 4 na ruwa, taga a buɗe, hannu da safar roba. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Silin na kwali ko na POP da ya sha ruwa ya yi laushi, da katifar da ruwan masai ya jiƙa, ba su da gyara, sai sauyawa.

Banɗakin sama yana jiƙa silin ɗin falo. Sai an fasa dekin?

Ba kasafai ba. Yawanci ruwan yana bi ne ta bakin magudanar daɓe, ko ta robar da ke haɗa masai da babban bututu mai inci 4, ko ta layin tsakanin tayil da ya zube. A daina amfani da banɗakin kwana biyu a gani. In ɗigar ta tsaya, ta magudana ce ko daɓe. In ba ta tsaya ba, bututun kawo ruwa ne a cikin bango.

Amma kada a bar shi ya shekara. A cikin dekin akwai rodi, in ruwa ya daɗe yana kai masa sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta tsaga kankare daga ciki. In ka ga jan tabo a ƙarƙashin dekin, ko kankare yana ɓantarowa har rodi ya bayyana, magana ta wuce mai gyaran famfo da birkila, injiniyan gini za a kira.

Wai da gaske yoyon bututu yana iya kayar da gida?

Yana iyawa, kuma a nan garin dalilin a fili yake. Ƙasar Gombe mai yashi ce a wurare da yawa, wanda ya ga yadda kwari ke cin unguwanni duk damina ya san yadda ruwa ke tafiya da ita. Abin da ruwan sama ke yi a sarari, shi bututun da ya fashe a ƙarƙashin gida yake yi a ɓoye, sannu a hankali. Yashi yana shanye ruwa, saboda haka ba lalle ka ga ko ɗigo a sama ba. Sai dai wata rana ka ga daɓe ya lotsa, ƙofa ta daina rufuwa daidai, tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. A wuraren da ke da baƙar laka, kamar yankin Deba, matsalar ta sha bamban: laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, sai gefe ɗaya na gini ya ɗaga ɗaya ya zauna.

Gidan ƙasa ya fi kowanne haɗari, kuma har yanzu akwai su a tsofaffin unguwanni. Famfon tsakar gida da aka kafa a jikin katanga, ko makwararar banɗaki da ke bin gindinta, suna cin tushen katangar duk shekara. In an yi mata filastar siminti, ɓarnar tana ɓoye a ciki, waje sumul. Ruwan Agusta yana zuwa ya tarar da aiki ya yi nisa. Mai irin wannan gida ya janye famfo daga jikin bango, ya yi masa daɓe da hanyar ruwa, ya kuma riƙa ƙwanƙwasa gindin katanga kafin damina. Kada a kwantar da yara a jikin bangon da gindinsa ya jiƙe.

Tsagar da kake shakka, ka shafa mata ɗan siminti a wuri ɗaya ka rubuta kwanan wata a gefe. In shafen ya tsage, ginin yana motsi. Danshi kuma yana kiran gara, ita kuwa ba ta tsayawa sai ta kai katakon rufi.

In aka kawo ruwa bayan kwanaki, yana zuwa da launi da wari. Yana da alaƙa da yoyo?

Ƙwarai. Ramin da ruwa ke fita ta cikinsa in bututu ya cika, ta nan ƙazanta ke shiga in ya zama fanko. Dubi yadda ƙananan bututun gidaje ke ratsa kwata a lunguna, wasu a kwance cikin ruwan kwatar, an ɗaure su da roba. In aka ɗauke ruwa, bututun yana zuƙo abin da ke kewaye da shi. Masu haɗa inji kai tsaye a bututun gwamnati don su ja ruwa da ƙarfi suna ƙara wannan zuƙa, su cuci kansu su cuci maƙwabta. Ta irin wannan hanya taifot da kwalara ke shiga gida. A annobar kwalara ta 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar nan, kuma maƙwabciyarmu Bauchi ce ta fi kowace jiha yawa.

A ɗaga bututu daga cikin kwata, in dole ya ratsa a zura shi cikin wani babban bututu. A bar ruwan farko ya zuba a bokiti don ban ruwan shuka. Na sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa. Mai rijiya ko burtsatse ya lura da tazararsu da sokawe, mita 30 ake so, kuma sokawen maƙwabci ma yana cikin lissafi.

Wuri ɗaya ake ta gyarawa yana sake fashewa. Me ke jawo haka?

Ko kaya, ko hannu, ko wurin da aka bi da bututun. Tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe, tsatsa ta ciki take cin su, ta fi kama wajen mahaɗa. In ya fara huda a wuri biyu, sauran ma sun kusa, gara a ja sabon layi a bar tsohon a bango. Bututun PVC kala biyu ne: mai kauri na kawo ruwa, da marar kauri na fitar da ruwan datti. Wani don ya rage kuɗi sai ya sa marar kaurin a layin tanki, araha kuwa ba ta ado. PVC kuma ba ya jure rana, in ya shekara a fili sai ya yi fari ya bushe, ɗan taki kaɗan ya tsage. Wanda ke sauka daga tanki a yi masa fenti ko a rufe shi, a kuma ɗaure shi a jikin ƙarfe kada iska ta riƙa kaɗa shi.

Wajen hannu, ka tsaya ka kalli yadda ake haɗawa. Wanda ya kunna takarda ya gasa bakin bututu don ya buɗe ya cusa wani a ciki, ya bar maka yoyon baɗi, domin wuta tana raunana roba, kuma akwai mahaɗa da aka yi don wannan. Haɗin kirki shi ne a yanke bakin daidai, a goge shi ya bushe, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a cusa a ɗan murɗa, a riƙe kamar rabin minti, sannan a ba shi sa'o'i kafin a saki ruwa. Bututun PPR, wanda aka fi sani da kore, ba ya son gam, da inji ake narka bakinsa a zafin da ya kai digiri 260. In an yi daidai haɗinsa ya fi ƙarko kuma yana ɗaukar ruwan zafi, amma in aka bar shi ya daɗe a inji sai cikinsa ya tsuke ruwa ya ragu.

Sai wuri. Bututun da ke ƙarƙashin inda mota ke shiga a nutsar da shi kamar ƙafa biyu, a shimfiɗa masa yashi marar duwatsu. Na ruwan datti a nisanta shi da dogon yaro, saiwarsa tana bin danshi ta shiga ta mahaɗa ta toshe shi. Akwai kuma ƙarfin ruwa: tankin da ke kan ƙarfe ƙarfinsa kaɗan ne, in aka ƙara injin tura ruwa duk mahaɗar da ba ta kamu ba sai ta tona kanta.

Tankinmu yana ambaliya duk lokacin da aka kunna inji.

A sa masa ƙwallon tsayar da ruwa, ko makunnin da ke kashe inji da kansa in tanki ya cika. Ban da asarar ruwa da wuta, ambaliyar tana sauka ne a ƙafafun ƙarfen da ke ɗauke da tankin. Lita 1,000 na ruwa tan guda ne, tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan a saman tsakar gidan da yara ke wasa. A duba gindin ƙafafun, a kankare tsatsa a yi fenti, wanda ya cinye a kira mai walda. Ruwan da ke kwanciya a ƙasa kuma, mako guda zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi.

Gidan haya nake. Wa zai biya, ni ko mai gida? In kuma daga gidan maƙwabci ruwan yake fa?

Abin da aka rubuta a takardar haya shi ne gaba. In ba a rubuta ba, abin da aka saba shi ne na cikin bango da ƙarƙashin ƙasa da rufi da sokawe na mai gida ne, kan famfo da roba da toshewar da amfani ya jawo na ɗan haya. Hakkin da ke kanka shi ne sanarwa da wuri: ka ɗauki hoto, ka tura saƙo, ka ajiye. In ya ce ka gyara a cire a kuɗin haya, a yi maganar gaban shaida, ka riƙe rasit. Masu gidaje kuma su sani, ɗan haya zai tashi wata rana, ruɓaɓɓen bangon naku ne.

Na maƙwabci, sallama za ka yi ka kira shi ya gani da idonsa: "Alhaji, zo ka ga yadda bangon nan ya yi ta wajena." Sau da yawa bai sani ba, tunda ta gefensa a bushe yake. In ya ƙi ji, a sa dattawan layi ko liman, sannan mai unguwa, sannan duba-gari. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ce, ba cuta ba cutarwa. Bututun gwamnati da ya fashe a titi kuwa, a kai rahoto ofishin hukumar ruwa, kada kowa ya wuce yana cewa wani zai faɗa.

Ina gini yanzu. Me zan yi don kada in faɗa cikin wannan?

Kada a rufe bututu ko ɗaya sai an gwada shi. In mai aikin famfo ya gama, a toshe bakunan, a cika layin da ruwa daga tanki, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, ka bi kowace mahaɗa da takarda a hannu. Birkila zai ce ana ɓata masa lokaci, ka ba shi haƙuri. Daɓen banɗaki, musamman na sama, a yi masa maganin hana ruwa ya hau bango kaɗan, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana, a leƙa ta ƙasa kafin a manna tayil. Bayan an manna a zuba bokiti guda a ga ko duk ruwan ya nufi magudana.

Kowane banɗaki da kicin a ba shi bawul nasa. Inda zai yiwu, a bi da bututu ta bayan gini a rufe shi da akwati, maimakon a binne shi ƙarƙashin falo. Ka je sayen kaya tare da mai aikin, ka riƙe wani kaso na kuɗinsa sai an yi gwaji, kuma ku yi wannan maganar tun farko don kada ta zama rigima. Kafin a yi filasta, ɗauki hoton kowane bango da waya, da tef ɗin awo a jikin bututun, ka tura wa wani ɗan gidan shi ma ya ajiye.

Za mu rufe gida mu tafi hutun Sallah ko aikin Hajji. Me za mu yi wa ruwa?

A rufe bawul na gindin tanki da na shigowar ruwa daga waje, a cire wutar injin burtsatse da ta hita, a zagaya a tabbatar kowane famfo a rufe yake, musamman wanda aka buɗe ranar da babu ruwa aka manta. A bar makulli wurin amintaccen maƙwabci, a nuna masa inda bawul yake, ya riƙa leƙawa bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi.